Zauren Zango: Kafin Ka Ɗauko Iyali Zuwa Ankara

A fitowar da ta gabata mun yi alkawarin za mu ci gaba da maganar kuɗin makarantar yara, to amma sai ga wata takarda daga Kumasi wadda muka ga bai kamata a bar ta ta kwana a aljihu ba, domin mai ita yana gab da fitar da kuɗin da ya daɗe yana tarawa. Wani ɗan uwa ne mazaunin Aboabo, wurin aikinsa suka yi masa canji zuwa Ankara, ofishin nasu kuwa yana tsakiyar gari. Yana da mata da 'ya'ya huɗu, babbar tana aji biyu na ƙaramar sakandare, autan bai daɗe da yaye ba, sannan ga tsohuwarsa da ke zaune tare da su tun rasuwar mahaifinsa. Ya ce wani dillali ya kai shi can bayan Kasoa ya nuna masa ɗaki biyu da falo, da bayi da madafa duk a ciki, a kan kuɗin da ba zai sama masa ɗaki da falo na kirki a Nima ba. Mai gidan yana son adibas na shekara biyu kafin ƙarshen wata, in ba haka ba akwai wani da ke jira. Shi ne yake tambaya, ya biya ko kuwa?

Malam, amsarmu ita ce kada ka biya tukuna. Shi wannan wani da ke jira, tun da muka san dillalan haya a Ankara yake jira, har yau bai gaji ba.

Mu fara da adibas ɗin kansa, domin shi ne ya sa zaɓen unguwa a Ankara ya zama abin da ba a yin sa da gaggawa. Dokar haya ta ƙasar nan, wadda aka kafa tun 1963, ta hana mai gida ya karɓi fiye da kuɗin wata shida a gaba. Kowa ya san da dokar, masu gidaje ma sun sani, amma in ka kafe a kanta sai a ce maka ka je doka ta ba ka ɗaki. Saboda haka shekara ɗaya ko biyu ake biya, kuma ranar da kuɗin ya bar hannunka ka ɗaure kanka da iyalinka a wannan wuri ke nan. In bayan wata uku ka gane wurin bai yi ba, mai gida zai ce maka ya riga ya zuba kuɗin a gini, sai ka jira ya sami wani ɗan haya sannan ya mayar maka da ragowar, wannan jira kuwa ba shi da rana. A Kumasi in Aboabo ta ishe ka, da mota guda za ka koma Asawase ko Sawaba, yara ba su canja makaranta ba, uwargida ba ta canja kasuwa ba. A Ankara tsakanin wata unguwa da wata tafiya ce ta gari da gari. Kuma in ana ciniki ka tabbata da wane kuɗi ake magana, don tun canjin kuɗi na 2007, da aka mai da tsohuwar sidi 10,000 ta koma sabuwar sidi ɗaya, har yanzu akwai dattawan da ke lissafi da miliyoyin da.

Ƙidayar jama'a ta 2021 ta nuna yankin Ankara da kewaye yana da mutum sama da miliyan 5 da dubu 400, har ya ɗan zarce yankin Ashanti. Wannan lissafi ma bai haɗa da Kasoa ba, domin ita a takarda tana cikin yankin Tsakiya ne, mai hedkwata a Cape Coast, ko da yake ɗimbin mutanenta a Ankara suke wuni. Babbar hanya ɗaya ce ke ɗauke da su duka, ta bi ta Weija, ta Mallam, ta shiga Kaneshie. An gina gadar sama a Kasoa a 2016, an daina karɓar kuɗin hanya a shingen nan a 2021, amma cunkoson bai je ko'ina ba. Ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi, laka da yashi kan gangaro daga tuddan da aka sassare aka yi gine-gine su rufe titi wajen Old Barrier, sai mutum ya bar ofis da la'asar ya isa gida dare ya raba.

Wanda ke aiki a tsakiyar gari yana kwana a bayan Kasoa, wajen ƙarfe huɗu na asuba yake barin gida in yana so ya riga cunkoso. Sallar asuba a tasha zai yi ta ko a bakin ofis. Ya dawo bayan lisha, yara sun yi barci, uwargida ta gaji da jira, tuwo ya huce. Mun san gidajen da ƙaramin yaro ke yi wa ubansa ƙiwuya ranar Lahadi, domin baƙo yake gani. Kai da ke da 'ya mai tasowa da yara maza a bayanta, ka tambayi kanka wa zai duba littafinsu, wa zai san da wa suke yawo, wa zai kai tsohuwa asibiti in ciwo ya tashi da rana kana can nesa da tafiyar awa uku. Sannan ka ɗauki biro ka yi lissafi: trotro biyu ko uku zuwa, biyu ko uku dawowa, sau kwanakin aiki na wata, ka ɗora abincin waje na safe da na rana, ka ɗora ɗan okada daga bakin titi zuwa gida in dare ya yi. Ka haɗa wannan da kuɗin hayar, sannan ka gwada shi da na ɗakin da ka raina a kusa da wurin aiki. Sau da yawa ratar kan tsuke har ta kusa ɓacewa, ga shi kuɗin mota yana hawa duk lokacin da mai ya hau.

Kada mutanen Kasoa su ce mun ci zarafin garinsu. Gari ne namu, sunansa ma namu ne, kasuwa ce bakin wasu ya mai da ita Kasoa, asalin sunan wurin kuwa Odupongkpehe. Akwai zango, akwai masallatai da makarantu, kuma da yawa daga 'ya'yan Nima da Sabon Zango da Allah ya buɗa musu can suka je suka yi gini. Wanda sana'arsa ke cikin kasuwar Kasoa ko a kan hanyar Winneba, ba mu ga abin da zai kai shi neman ɗaki a Nima ba. Haka mai aiki a tashar jiragen ruwa ta Tema ko a masana'antunta, ko mai harkar shanu a Turaku, Ashaiman ce tasa, don ita dama ma'aikatan Tema ne suka cika ta bayan buɗe tashar a 1962. Mai aiki wajen Legon ko filin jirgin sama, ya dubi Madina da Adenta. Direban da ke bin hanyar Kumasi, ya dubi Ofankor da Pokuase da Amasaman. Wato wurin neman abinci shi ke fara nuna maka ɓangaren garin da za ka duba, sannan a zo maganar unguwa. Shi ma wurin neman abincin ba a ba shi amana gaba ɗaya. 'Yan uwanmu masu sayar da albasa sun ga haka a watan Yuli na 2021, lokacin da hukuma ta tashe su daga Agbogbloshie ta mai da su Adjen Kotoku, can gaba da Amasaman. Wanda ya biya shekara biyu don ya zauna kusa da tsohuwar kasuwa, ya wayi gari kasuwar ta bar shi.

To, sai maganar tsofaffin zangunanmu, domin duk Bahaushen da ya doso Ankara zuciyarsa can take fara zuwa: Nima, Mamobi, New Town, Sabon Zango, Shukura, Fadama. Abin da ke cikinsu kuɗi ba ya sayen sa a wata unguwa. Tsohuwarka za ta sami tsararrakinta da za su yi hira da harshen da take ji. Uwargida in ta haihu, kafin ka dawo daga aiki maƙwabta sun ɗora ruwan zafi. Makarantar allo tana bayan gida, mai koko da ƙosai tana bakin lungu tun da asuba, in rasuwa ta faru ba za ka rasa masu wanka da masu ɗauka ba. Daga Nima asibitin Mamobi yana nan kusa, na sojoji na 37 da na Ridge ba su da nisa, ga babban masallacin ƙasa na Kanda da aka buɗe a 2021, ga trotro zuwa kowace kusurwa ta gari. Mai aiki a tsakiyar gari zai iya karyawa da yaransa ya fita, ya kuma dawo ya yi magariba a masallacin unguwa.

Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, mu faɗa wa kanmu gaskiya. Lokacin da Malam Bako ya fito da mutanensa daga tsakiyar gari ya kafa Sabon Zango a farkon ƙarni na 20, da lokacin da Malam Futa ya sauka a Nima da shanunsa a shekarun 1930, fili ne a wadace. Gida ɗaya na iyali ɗaya ne da baƙinsu. Daga baya 'ya'ya suka girma, jikoki suka zo, kowa ya ƙara ɗaki, har tsakar gida ta koma siririyar hanya, a wasu gidajen ma wurin bayin aka rushe aka yi ɗakin haya. Yau za ka sami gida mai iyali goma ko fiye suna layin bayi ɗaya, wani gidan kuwa babu ko ɗaya, sai na kuɗi a bakin titi. Namiji babba yana iya jure wannan. Kai kuwa kana da 'ya mace da ta fara girma da tsohuwa mai ciwon ƙafa, ka tuna cewa ciki ba ya duba agogo kafin ya murɗa. Duk ɗakin da aka nuna maka a zango, kafin ka dubi silin da fenti, ka ce a kai ka bayi, ka ƙirga ƙofofin da ke amfani da shi, ka tambaya ko ana kulle shi da dare kuma a hannun wa makulli yake.

Akwai kuma zaman majalisar samari, abin da yaran yanzu ke kira bes. Ba dukansu ne na banza ba, wasu shayi ne da gardamar ƙwallo, wasu ma su ke gyaran kwata da gadin unguwa. Nimar nan da ake zagi ita ta fitar da malamai da 'yan kasuwa da 'yan ƙwallo irin su Mohammed Kudus. Amma mun ga abin da Tramadol ya yi wa samarinmu a wajen 2018, kuma ƙwaya in an kori wata, wata kan maye gurbinta. Lungu da lungu sun bambanta ƙwarai, har a cikin unguwa ɗaya. Ba za ka san wannan da rana tsaka ba, lokacin da dillali ke son kai mutane. Ka koma kai kaɗai bayan ƙarfe tara na dare, ka sayi shayi ka zauna, ka ga su wa ke zaune a ƙofar gidan, me suke sha, me hancinka ke ji, kuma lasifikar wa ke tashi har tsakar dare. A sababbin unguwanni ma ka yi wannan zuwan dare, domin can abin da ke hana barci shi ne majami'ar kwana ko gidan giya a jikin katanga, ko kuwa duhu da kangaye marasa rufi inda ɓarayi ke fakewa.

Maganar ruwa kuwa, a nan za mu ɗan daɗe, don mu da kanmu an yi da mu. Shekarar da muka fara ɗauko iyali zuwa Ankara, cikin hunturu muka zo, watan Janairu, ƙasa a bushe ƙayau. Aka nuna mana ɗaki da falo a wata unguwa da ke gangaren rafin Odaw, an yi masa sabon fenti, kuɗin da sauƙi, trotro ɗaya zuwa wurin aiki. Mun lura kowace ƙofa a layin an gina mata ɗan gajeren bango da ya kai gwiwa, sai an ɗaga ƙafa ake shiga, muka ɗauka don awaki ne. Muka biya. Cikin watan Yuni, wani dare wajen ƙarfe biyu, kukan yaro ya tashe mu, muka sauko da ƙafa daga gado sai cikin ruwa. Kafin gari ya waye katifa ta tafi, buhun shinkafa ya tafi, littattafan da muka yi shekaru muna tarawa suka zama kunu, takardun haihuwar yara sai da muka shanya su a kan kwano. Da muka je wa mai gidan, sai ya ce ai ruwa na Allah ne. Mai kokon bakin layi ce ta dube mu ta ce, "Malam, da ka tambaye ni ranar da ka zo dubawa, da na gaya maka. Kai ne na huɗu a ɗakin nan." Sai a lokacin muka lura fentin daga ƙasa zuwa ƙugu ya fi na sama kauri.

Namu ma da sauƙi, dukiya ce. Ranar 3 ga Yuni 2015, ruwa ya cika wajen Circle, mutane suka fake a wani gidan mai, man ya bi ruwa, wuta ta tashi, sama da mutum 150 suka rasu a dare ɗaya. A watan Oktoba na 2022 da aka buɗe ƙofofin madatsar ruwa ta Weija da ke kan kogin Densu, gidajen da ke ƙasa da ita, wajen Tetegu da kewaye, ruwa ya shanye su har wasu sai da kwalekwale aka fitar da su. Duk inda ke bin Odaw, kamar gangaren Alajo da Avenor da Odawna, da wasu sassan Kaneshie, da bakin babbar kwatar da ke tsakanin Nima da Mamobi, sai an yi hattara. A unguwa ɗaya wani layin yana kan tudu bai taɓa ganin ambaliya ba, na bayansa kuwa kowace shekara sai an kwashe kaya. Mu Hausawa ma bai kamata a yaudare mu ba, tun da kakanninmu sun bar mana gargaɗi a cikin suna. Wurin da suka kira Fadama sun san abin da suka gani, kuma daga tsohuwar Fadama da ke bakin tafkin Korle aka kwashe mutane a shekarun 1960 aka kai su sabuwar, wadda ke wajen Abeka. Damina babba a Ankara daga Afrilu take zuwa Yuli, ƙarama kuwa wajen Satumba da Oktoba. In da hali ka duba gida washegarin ruwan sama. In ba hali, ka dubi gindin katangar maƙwabta inda ba a yi fenti ba, ruwa yakan bar layinsa. Ka tambayi mai koko, ka tambayi mai kanti, ka tambayi ladan. Dillali da mai gida su ne na ƙarshe da za ka tambaya.

Ruwan da ya yi yawa ke nan, saura wanda babu. Famfo a tsakar gida ba shaida ba ce, ka murɗa shi, sannan ka tambayi matan gidan kwana nawa yake zuwa a mako. Adenta ta yi shekaru da yawa tana sayen ruwan tanka, har sai wajen 2015 da aka faɗaɗa matatar ruwa ta Kpong abin ya yi sauƙi, kuma sababbin unguwannin bayan gari da yawa bututu bai kai gare su ba, sai rijiyar burtsatse, wadda a wasu wurare ruwanta gishiri-gishiri ne, ba ya kumfa ba ya shayuwa. In ka ga jarkokin nan rawaya da ake kira galan Kufuor jere a kowace ƙofa, an ba ka amsa. Ka kuma tuna ba kai za ka ɗauke su ba, kana wurin aiki. Uwargida ce da 'yarka, kafin ta tafi makaranta.

Wannan ya kawo mu ga abin da muka fi so ɗan uwanmu ya riƙe. Mu maza mu ke zaɓen gida, alhali mu ne muka fi kowa ƙarancin zama a cikinsa. Kuɗin motar uwargida daga Kumasi zuwa Ankara da komawa bai kai hayar wata ɗaya ba. Ka kawo ta ta gani da idonta kafin ka biya. Ita za ta ga inda za a shanya wanki, inda hayaƙin gawayi zai bi, nisan kasuwa da injin niƙa, da fuskar matan da za ta wuni da su. Abin da za ta gano cikin minti goma, kai sai ka shekara ba ka lura ba. Mun ga auren da gida ya girgiza, mace ta baro danginta a Kumasi ko Tamale ko Bawku aka ajiye ta a bayan gari cikin gida mai katanga da ƙofar ƙarfe, ba mai ce mata sannu da Hausa daga safe har dare, miji kuwa yana ganin ya yi mata gata.

Makarantar yara ita ma da ƙafa ake duba ta. Ka taka daga ƙofar gidan zuwa ƙofar makarantar da ƙarfe bakwai na safe, ka ga ko akwai babban titi a tsakani. Mutanen Madina da Adenta ba su manta da watan Nuwamba na 2018 ba, lokacin da mota ta kashe wata ɗaliba a kan babban titin da aka faɗaɗa aka bar gadojin masu tafiya a ƙasa ba a gama ba, jama'a suka fito suka ƙona tayoyi, sannan aka zo aka kammala su. Titin N1 da aka buɗe a 2012 shi ma ya raba unguwanni biyu a wajen Lapaz, kuma yaro in ya makara ba zai zagaya neman gada ba. Gida da makaranta su kasance a gefe ɗaya na titi, ko da makarantar ba ita ce ta fi suna ba.

Game da babbar 'yarka akwai wani abu da iyaye kan manta. A jarrabawar BECE akwai darasin harshen gida, kuma Hausa ba ta cikin harsunan da gwamnati ta amince a koyar. A Kumasi Tuwi na Asante take yi. Makarantun gwamnati da yawa a Ankara kuwa Ga suke koyarwa. Yarinyar da saura mata shekara ɗaya da 'yan watanni ta zauna jarrabawa, a ce ta fara sabon harshe daga baƙaƙe, an cuce ta. Ka tambayi shugaban makaranta wane harshe suke yi kafin ka sa ta. In kana son boko da Arabiyya a wuri ɗaya, ka nemi makarantun da ke ƙarƙashin sashen ilmin Musulunci na hukumar ilmi, wanda aka kafa a 1987, suna da yawa a Nima da Madina da Fadama da Ashaiman, kuma tun 2024 an sa Larabci cikin darussan zaɓi na BECE. A sababbin unguwanni sau da yawa makarantar kuɗi ce kawai a kusa, ita ma sai ka ɗora ta a kan lissafin nan na haya. Can ne kuma Hausar yara kan zube, kaka ta yi magana jika ya amsa da Turanci, amma wannan zance ne na wata rana.

Tun da ka tambaye mu, ga abin da za mu yi in mu ne kai. Za mu zo mu kaɗai tukuna, mu sauka wurin ɗan uwa ko abokin aiki wata biyu ko uku, yara su ƙarasa zangon karatunsu a Kumasi. Haka iyayenmu fatake suka yi, ba wanda ya taɓa ɗauko iyali ranar farko, sai ya sauka wurin mai gida ya san gari. A cikin wannan lokaci za mu nemi wuri a gefen zango, inda ake jin kiran salla kuma ake iya zuwa suna da jana'iza da ƙafa, amma an ɗan fita daga matsin tsakiya: tudun Kotobabi da New Town, ko wajen Abeka da Darkuman da sabuwar Fadama, duk trotro ɗaya ne zuwa tsakiyar gari. Madina ma tana da kyau ga iyali, gari ne da mutanenmu suka kafa a 1959 ƙarƙashin Alhaji Seidu Kardo, ga kasuwa ga makarantu, sai dai hanyarta ita ma tana cika da safe. Za mu yarda da ɗakin da ya fi na Kasoa ƙanƙanta, in dai yana da bayinsa kuma yana kan tudu. Za mu kuma roƙi mai gida ya karɓi shekara ɗaya, ko da zai ɗan ƙara, don in an yi kuskure a yi na shekara ɗaya.

Ranar biya kada ka je kai kaɗai, ka tafi da dattijo ɗaya na unguwar. Ka tabbata wanda ke karɓar kuɗin shi ke da ikon ba da ɗakin, domin gidajen gado sun yi yawa a zango, wani magajin ya karɓa ya yi tafiya, sauran su zo su ce ba su san da kai ba. A rubuta yarjejeniya, a sa ranar shiga da ranar ƙarewa, a rubuta wa zai yi gyara in kwano ya yi yoyo, a ba ka rasit. Ka tambaya ko mitar wuta taka ce kai kaɗai ko ta gida duka, don rabon kuɗin wuta ya raba maƙwabta fiye da faɗan yara. Ladan dillali ku yanke shi tun kafin ya nuna maka ƙofa. Takardun nan su za ka riƙa in har magana ta kai ofishin kula da haya.

Ka ce a ƙarshen takardarka dillalin ya yi maka tayin fili ma a can, wai gara ka saya ka huta da haya. Wannan ka ajiye shi sai ka shekara biyu a gari. Filayen bayan Ankara ana sayar da guda ga mutum uku, kuma ko da yake dokar 2019 ta haramta 'yan bangar fili, wanda ya zo jiya bai san wane sarki ko wane dangi ke da ƙasar ba. In lokacin ya yi, hukumar filaye za ka fara zuwa a bincika maka, kafin ka ba kowa ko kuɗin goro.

Ka gai da tsohuwa, ka gai da uwargida da yara. In ka sami wuri ka rubuto mana inda ka sauka da yadda ka same shi bayan ruwan farko, don akwai wasu biyu daga Tamale da Wa da suka aiko da irin tambayarka. Maganar kuɗin makaranta kuwa sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.